Koshiyar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a wajenmu, can ƙasar Ikara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Je ka kira wancan." In na shigo zaure na tarar da shi da akushi a gabansa, sai ya jawo faifai ya rufe, ya kama duban gefe har in wuce. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka shi ma mahaifinsa ya yi masa. Ni kuma Allah ya yi ni marar magana, sai abin ya zo daidai da halina. Muka yi ta zama gida ɗaya muna aika wa juna saƙo ta bakin yara.

Ina makarantar horon malamai a Zariya, a shekarun farko bayan an sami mulkin kai, aka aiko wani direban babbar mota ya gaya mini in zo gida, Baba ba lafiya. Saura kaɗan a ba mu hutu, don haka shugaban makaranta bai hana ni ba. Na bi motar 'yan kasuwa ta Kudan zuwa Makarfi, daga nan na sami aron keke har ƙauyenmu da ke kusa da Saulawa.

Lokacin matsar rake ne. Sana'ar Baba ke nan da rani: yana da injin matsa a bakin fadama, doki na zagayawa yana juya shi, ruwan raken na zuba, shi kuma yana tsaye kan kasko yana dafawa har ya zama mazarƙwaila. Ƙanena ya ce da hantsi abin ya faru. Baba na juya kaskon sai muciyar ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani gurnani ya fito, sannan ya zame a hankali ya kwanta a kan tuƙar rake. Allah ya taƙaita bai faɗa wuta ba.

Na same shi kwance a turakarsa. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Daga cikin maganarsa duka ba abin da ya rage sai salati da kalmar "to". Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "To," ya mai da fuskarsa bango.

Kafin in iso an riga an yi abin da aka saba. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya da kafaɗa. Liman na aiko da rubutu kullum. Wata tsohuwa ta kawo kitsen mesa a ɗan kurtu ta ce a riƙa shafawa, ta kuma ja Iya gefe ta raɗa mata cewa iska ce ta taɓa shi a fadama. Iya ta karɓi kitsen, ta bar mata zancen iskar. Ni dai abin da na iya shi ne na hau keke na tafi Ikara na roƙi malamin asibiti ya zo ya duba shi.

Mutum ne mai fara'a, ya zo da jakarsa ɗaure a bayan keke. Ya auna jinin Baba, ya ɗaga hannun ya saki, ya soka masa tsinke a tafin ƙafa. Da muka fito ya tsaya a inuwar zaure ya yi mini bayani, ganin ni ɗan makaranta ne.

"Jini ne ya hau, wata jijiya ta sami matsala a cikin kai," in ji shi. "Ciwon ba a hannun yake ba, a ka yake, kuma a gefen hagu. In hagu ta taɓu, dama ce ke shanyewa, sau da yawa har da magana. Zan ba da ƙwayoyi, a rage masa gishiri da kanwa. Amma babban maganin a hannunku yake. A riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Safe da yamma a gasa masa da ruwan ɗumi, a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta, in ba haka ba, za su sandare. Ƙafar ina sa mata rai. Hannun kuwa sai abin da Allah ya yi."

Ya ɗaure jakarsa, sannan ya juyo. "Yana cin abinci?"

Ban sani ba. Iya ce ta amsa daga bayan zana, ta ce tun da ya kwanta bai wuce kurɓi biyu ko uku na koko ba.

"To ai ba ciwon ne zai kashe shi ba, Iya, yunwa ce," in ji malamin. "Maƙogwaronsa lafiya lau, na gani. Hannun hagunsa garau. Ku ba shi ya ci."

Ya hau kekensa ya tafi.

Abin da bai sani ba shi ne, a gidanmu ba a kai hannun hagu baki. Ko'ina haka ne, amma Baba ya fi kowa tsanani. Ƙanena bahago aka haife shi, kuma na tuna yadda Baba ya riƙa ɗaure masa hannun hagu da ɗan kyalle a lokacin cin tuwo, yaron na kuka, har ya koyi ci da dama. In baƙo ya miƙo masa abu da hagu, Baba sai ya yi kamar bai gani ba. Yanzu ga shi da hagu kaɗai. Iya ta sa masa ludayi a hannun, ya ajiye. Ta ɗebo ta kai masa baki, ya kurɓa kaɗan don kada ya kunyata ta, sannan ya datse haƙora. Mutumin da ya ciyar da gida guda ba zai yarda a yi masa ɗura kamar jinjiri ba.

Liman da kansa ya zo ya zauna kusa da shi ya ce, "Malam, lalura ce. Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ka ci da hagun, ba ka da laifi." Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To." Aka kawo fate da yamma, aka fitar da shi da safe yadda aka kawo.

Aikin gashi da miƙar gaɓoɓi ni ya faɗo wa, don ƙanena ya koma kan injin rake, Iya kuma ba ta da ƙarfin juya shi. Ran farko na tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwan ɗumi na rasa yadda zan shiga. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa taɓa nasa ba. Shi ya raba gardamar: da ya ga inuwata sai ya rufe ido ya yi kamar barci yake. Na shiga a kan haka. Na gasa kafaɗar, na shafa man kaɗanya, na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna mini, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, zuwa wuyan hannu, zuwa kowane yatsa, sannan ƙafa. Idona na kan bango, nasa a rufe. Da na gama na fita, na ji ya yi gyaran murya. Haka muka ci gaba kullum, shi yana barcin ƙarya, ni ina yarda.

A hannuna na riƙa jin yana ƙarewa. Damtsen da ke juya kasko ya zama fata da ƙashi, in na juya shi ba na ƙara jin nauyi. Ƙafar ta fara ɗan motsi, amma ina ƙarfin da zai taka ta? Akwai kuma wani canji da na lura da shi. Hannun da ke laƙwas a farko ya fara ƙanƙamewa, yatsun suna naɗewa cikin tafin. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kama su ya buɗe, su koma. Wata safiya ina shafa mai a tafin hannun sai yatsun suka rufe a kan babban yatsana, suka riƙe gam. Na san ba shi ya yi niyya ba, ciwon ne. Duk da haka na daɗe a zaune ban zare ba.

Ana cikin haka Kawu ya iso daga Gazara. Taubashin Baba ne, abokin wasansa tun suna yara. Yana saurayi ya faɗo daga kan bishiyar ɗorawa gadon bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba. Ya koyi dukanci, yana ɗinka takalma da layu da kube, yana yawon kasuwanni a kan jakinsa. Tun daga waje muka ji muryarsa.

"Ina malalacin nan? An ce ya ga aikin rake ya yi yawa ya kwanta!"

Ya zame daga kan jakin, ya ja jiki da hannuwansa har cikin turaka, ya jingina da bango yana haki. Ya ƙare wa Baba kallo.

"Kai, bawana, komai sai ka kwaikwaye ni? To ba ka iya ba. Ni a gicciye aka raba ni, sama tawa, ƙasa ta tafi. Kai kuma an tsaga ka a tsaye kamar rake. In aka haɗa mu ma ba za a sami mutum ɗaya na kirki ba."

Gefen bakin Baba mai lafiya ya motsa. Tun zuwana ban ga haka ba.

Kawu ya jawo akushin faten da ke gefe ya buɗe. "Wannan fa? Ajiya kake yi wa wa? An ce wai ba ka ci da hagu. Sannu, waliyyi! Ni da na kwanta shekara guda ana kwashe mini kashi, da na ce kunya zan ji, da yanzu an yi gona a kan kabarina." Ya ɗebo ya kai masa baki. Baba ya kau da kai. Kawu ya yi zagi, ya yi lallashi, ya tuno masa da 'ya'yansa ƙanana, duk a banza. Daga ƙarshe ya cinye faten da kansa, ya ce ba za a yi asara biyu ba. Amma da ya fito tsakar gida na ga ya share ido da hannun riga.

Da la'asar ya ce zai je gaida liman, na jawo masa jakin kusa da dakalin ƙofar gida. Ya hau dakalin da ƙarfin damtse, ya kama wuyan jakin ya ɗora ƙirjinsa, sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙafarsa ta dama, ya tsallakar da ita bayan jakin, ya gyara mata zama. Ya ga ina kallo.

"Me kake kallo, ɗan boko? Ƙafata ce. Don ta daina jin magana ai ba ta zama ta wani ba. Da ita ke ɗaukata, yanzu ni ke ɗaukarta."

Ya tafi ya bar ni tsaye. Na tuna yatsun nan da suka riƙe nawa.

Na shiga madafa na ɗauko koshiya, cokalin itacen nan da ake shan fate da shi. Da Kawu ya dawo na kai masa, na yi ta kame-kame kafin in iya faɗin abin da nake nufi. Ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ashe kana magana." Sannan ya buɗe jakarsa. Ya naɗe ƙotar da tsumma har ta yi kauri yadda za ta cika tafin hannu, ya rufe da jar fata ya ɗinke, ya sa mata ɗan madauri da zai zagaya bayan hannu.

"Sai ka je ka gaya masa," in ji shi.

"Kawu, ni?"

"Au, na manta, ku ba ku magana. To in ni na kai masa zai ce tsiya ce. Ku ƙarata."

Washegari na shiga da ruwan ɗumi kamar kullum, Baba ya rufe ido kamar kullum. Da na gama gashin na tashe shi zaune, na jingina shi da bango, na tokare gefen dama da matashi. Na buɗe yatsun a hankali na sa ƙotar koshiyar, suka rufe a kanta, na ɗaura madaurin. Sannan na kamo hannunsa na hagu na sa shi a ƙarƙashin wuyan hannun dama. Na tallafi duka biyun na ɗaga har koshiyar ta kai leɓensa, na sauke. Na sake, na kuma sakewa, kamar dai wani sabon motsa gaɓa ne malamin asibiti ya ƙaro. Idonsa a rufe, amma na ji numfashinsa ya canza. Na ajiye akushin fate a kan cinyarsa, na fita, na saki asabari.

Na zauna a bayan ɗakin da littafi a hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba. An daɗe ba motsi. Can sai na ji ƙwas, itace ya taɓa itace. Sai kuma na ji akushin ya kife.

Na jira har na tabbata ya koma barcinsa, na shiga na kwashe faten daga tabarma da zanensa. Na duba koshiyar, na duba gemunsa. Akwai ɗan tsakin fate a gemun. Ban gaya wa kowa ba.

Daga nan sai gyare-gyare. Na gane akushin zamewa yake yi, na naɗa gammo na ɗora shi a kan ƙaramin turmi da na kifa a gabansa. Na ga ƙotar ta yi tsawo tana wuce bakin, Kawu ya rage ta. Na ga cikin koshiyar na kallon gefe saboda yadda hannun ya murɗe, muka kwance ɗinkin muka juya ta kaɗan. Na roƙi Iya, ta bakin ƙanwata, ta riƙa yin faten da kauri don kada ya zube a hanya. Kowace safiya ina duba inda abincin ya zuba a zanensa, daga nan nake gane abin da ya rage a gyara. Kawu ya ce ko mai ɗinkin rigar sarauta bai kai ni fitina ba.

Ran da na fito da akushin ba komai a ciki, na miƙa wa Iya. Ta duba ciki, ta duba bayansa, kamar tana neman inda ya yoye. Sannan ta juya mini baya ta kama wanke shi, ta yi ta wankewa.

Kawu bai tafi ba sai da ya leƙa ya gani da idonsa. Na ji shi daga waje yana cewa, "Kai, munafuki! Ashe bauta kake so a yi maka. Dama na ci, hagu na dako. To Allah ya ba hagu haƙuri." Na ji wani sauti da ban gane ba da farko, ashe dariyar Baba ce, ta fito ta gefe ɗaya.

Da abinci ya shiga, ƙarfi ya fara dawowa. Kafin hutuna ya ƙare yana iya miƙewa in an tallafe shi, ya dafa bango ya ja ƙafar zuwa bakin ƙofa. Kalmomi ma suka fara dawowa ɗai-ɗai, da ƙyar, wasu a karkace. Malamin asibiti ya sake zuwa, ya ga koshiyar ya yi murmushi, ya ce a ci gaba da buɗe yatsun bayan kowane cin abinci don kada su ƙage a haka. Hannun bai taɓa warkewa ba. Baba ya yi shekaru bayan nan yana tafiya da sanda har bakin fadama, ya zauna yana yi wa ƙanena faɗa a kan wutar kasko, kuma fatar ƙotar nan sai da Kawu ya sake ta ba sau ɗaya ba.

Ran da zan koma Zariya na koya wa ƙanena yadda ake gashin da ɗaura madaurin. Amma na safiyar nan ni na yi. Na gama, na jingina shi, na sa koshiyar, na gyara akushin a kan gammo. Na miƙe zan fita in saki asabari, sai na ji ya bugi tabarma da tafin hagunsa.

Na juyo. Idonsa a buɗe yake, yana kallon akushin. Bakinsa ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Kai. Zauna."

Na durƙusa a inda nake. Ya sake bugun tabarmar, kusa da shi. Na matsa. Ya sa hagu ya tura akushin kaɗan zuwa tsakaninmu, sannan ya mai da hannun ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya yi bisimilla, ya ɗaga. Na ga yadda koshiyar ke rawa a hanya, na ga yadda yake sunkuyo da kai ya tarye ta. Duk gyaran da na yi, ban taɓa ganin ana ci da ita ba sai ran nan.

Ba a kawo koshiya ta biyu ba, kuma ban iya tashi in ɗauko ba. Na wanke hannu a sauran ruwan gashin, na sa yatsu a gefena na akushin. Faten da zafi, da yakuwa a ciki. Muka ci, shi yana duban ƙofa, ni ina duban tabarma, har muka ga gindin akushin.